Filin Anti: Na tura sanarwa, wayar Baffa ko motsi ba ta yi ba

Assalamu alaikum Anti. Ni matashi ne ɗan shekara 24 a Kano. Na koyi haɗa manhaja da Flutter, kuma aikin kuɗi na farko da na samu na ƙanin mahaifina ne, mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Yana son duk lokacin da sabon kaya ya sauka, ko aka ɗora wa wani dila a mota, wayar mai kayan ta yi ƙara ta sanar da shi. Na bi wani darasi na bidiyo, na haɗa Firebase, na gwada a wayata abu ya yi. Ranar da na kai masa aikin, a gaban yaran shagonsa na tura sanarwa, iPhone ɗinsa ko motsi ba ta yi ba. Masu Android kuwa, wani ya samu nan take, wani sai bayan la'asar, wani har yau shiru. Baffa bai ce mini komai ba, amma bai ba ni cikon kuɗina ba, ni kuma kunya ta hana ni zuwa gidansa. Anya ba Flutter ce matsalar ba? Ina tunanin in rushe komai in sake da React Native.

Mai neman mafita, Kano

Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka rushe komai. Ko da React Native ka koma, a wannan wurin za ka sake cin tuntuɓe, domin abin da ya kayar da kai ba a cikin Flutter yake ba. Su biyun sun ɗauke maka wahalar rubuta manhaja sau biyu, amma hanyar da sanarwa take bi har ta isa waya ba tasu ba ce. Apple tana da tata, Google tana da tata, kuma kowacce sai ka yi mata hidimarta daban.

Idan manhajarka tana rufe, ba ta sauraron sabarka, wato kwamfutar da ke turo saƙon, ko kaɗan. Da a ce kowace manhaja za ta riƙe layinta a buɗe da intanet tana jiran saƙo, batir ba zai kai azahar ba. Shi ya sa waya take riƙe layi ɗaya tal a madadin kowa. A iPhone layin yana zuwa wurin Apple, ta hidimar da ake kira APNs, wadda ta fara aiki a 2009. A Android yana zuwa wurin Google, wadda ta fara da C2DM a 2010, ta koma GCM a 2012, sannan FCM ta Firebase daga 2016. Abin ya yi kama da yadda Baffanka yake aika dila ta tashar mota: ya miƙa wa direba kaya da lambar wayar mai karɓa, daga nan kuma tafiya ta fita daga hannunsa. Kai ma miƙawa kawai kake yi. Idan Firebase ta ce maka ta karɓa, ta karɓa ne, ba ta ce ta kai ba.

Shirun iPhone ɗin Baffa shi ne mafi sauƙin warwarewa. Firebase ba ta iya shiga iPhone da kanta, sai ta miƙa wa APNs, ita kuma APNs ba za ta karɓa ba sai ta ga shaidar cewa mai manhajar ne ya aiko. Wannan shaidar tana buƙatar asusun masu haɗa manhaja na Apple, wanda ake biya wa dala 99 duk shekara. Idan da asusun kyauta ka saka masa manhajar, to ga amsarka nan: asusun kyauta ba ya ba da damar sanarwa kwata-kwata. Bayan an biya, ka buɗe Xcode a kwamfutar Mac ka kunna damar sanarwa, ka shiga shafin Apple ka ciri mabuɗin APNs, fayil ɗin nan mai ƙarewa da .p8, ka ɗora shi a Firebase tare da lambar mabuɗin da lambar asusun. Sau ɗaya Apple take barin a sauke shi, don haka ka adana shi wurin da ba zai ɓace ba. Wasu darussa za su ce ka yi amfani da satifiket maimakon mabuɗi. Ban ba ka wannan shawarar ba, domin satifiket yana mutuwa bayan shekara guda, kuma rana ɗaya za ka wayi gari duk masu iPhone sun daina samun saƙo ba tare da ka taɓa komai ba. Mabuɗin ba ya mutuwa.

Daga nan sai izini. iPhone sau ɗaya take nuna wa mutum tambayar ko ya yarda a riƙa aiko masa sanarwa. Idan ya danna a'a, ta rufe ke nan, sai dai ya je saitin waya da kansa ya buɗe, kuma 'yan kasuwa masu hada-hada ba su da wannan lokacin. Android a da ba ta tambaya, amma tun daga Android 13 da ta fito a 2022 ita ma sai an nemi izini, kuma ba ta barin ka yi ta naci. Darussan bidiyo da yawa an yi su kafin wannan canji. Ina kyautata zaton wasu daga cikin waɗanda ka ce har yau shiru, manhajarka ba ta taɓa tambayarsu ba. Kuma kada ka jefa wa mutum tambayar daga buɗe manhaja, bai san ka ba, bai san me za ka aiko masa ba. Ka bari sai ya yi odar kaya, sannan ka nuna masa da Hausa: “Kana so mu sanar da kai idan an ɗora kayanka a mota?” In ya ce e, sannan ka kira tambayar wayar. In ya ce ba yanzu ba, damarka tana nan ba ta ƙone ba.

Waɗanda suka samu a makare kuma, labarinsu na batir ne. Tun Android 6 a 2015, wayar da aka ajiye ba a taɓa ta ba takan shiga wani barci da ake kira Doze, inda take tara saƙonni na yau da kullum sai ta ɗan farka ta karɓe su gaba ɗaya. Saƙon da ka yi wa alamar gaggawa shi ne yake tada ta. Ka yi wa “an ɗora kaya” wannan alama, amma kada ka yi wa kowane saƙo, domin idan Android ta lura kana tada waya ba tare da nuna wa mutum komai ba, takan rage wa saƙonninka daraja. A kan wannan kuma, kamfanonin waya da yawa suna ƙara nasu tsarin tsimin batir wanda ya fi na Google tsanani. A wasu wayoyin, share manhaja daga jerin waɗanda aka buɗe daidai yake da kashe ta da ƙarfi, kuma manhajar da aka kashe da ƙarfi ba ta karɓar sanarwa sai an sake buɗe ta. Abokan cinikin Baffa galibinsu Tecno da Infinix da itel suke riƙe, saboda haka a kansu za ka yi gwaji, ba a wayarka kaɗai ba. Ka ari guda biyu ko uku a shagon, ka share manhajar, ka kulle waya, ka bar ta awa ɗaya, sannan ka tura. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ka ga inda take maƙalewa, ka yi ɗan shafi a cikin manhajar mai nuna wa mutum da hoto inda zai kunna mata damar tashi da kanta da inda zai cire ta daga tsimin batir.

Akwai kuma abin da mu duka muke yi, wato kashe data don kada ta ƙare. Wayar da ba ta kan intanet ba ta karɓar komai. FCM takan riƙe saƙo har kwana 28 idan ba ka ƙayyade mata ba, APNs kuwa saƙon ƙarshe na manhajarka kawai take ajiyewa. Ka yi tunanin ɗan kasuwa a Agadas ya kunna data ranar Juma'a ya ga “motarka ta tashi yanzu”, alhali tun Talata ta tashi. Ka sa wa irin wannan saƙo gajeren wa'adi, ka kuma rubuta rana da lokaci a cikinsa.

Sai tokin, wato lambar shaidar da Firebase take ba kowace waya don manhajarka. Ita ce adireshin da kake turawa, kuma ba ta dawwama. Idan mutum ya goge manhaja ya sake saukewa, ko ya canza waya, ko ya share bayanan manhajar, sabuwa ake ba shi. Dole manhajarka ta riƙa aika sabuwar zuwa saba duk lokacin da ta canza, kai kuma ka riƙa goge waɗanda Firebase ta ce maka sun mutu. Mutum ɗaya yana iya samun tokin biyu ko uku idan wayoyinsa biyu ko uku ne. Wanda ya fi damuna shi ne fita daga asusu. A kasuwa waya tana canza hannu, maigida ya ba yaronsa tsohuwar, yaro ya sayar a Farm Centre. Idan ba ka cire tokin lokacin da mutum ya fita ba, wani baƙo ne zai riƙa karanta cinikin wani.

Abu biyu kuma a gurguje. Idan manhaja tana buɗe a gaban mutum, waya ba ta nuna sanarwar da kanta, kai ne za ka rubuta abin da zai nuna ta. Sannan idan darasin da ka bi ya ce ka kwafi wani dogon mabuɗin saba ka riƙa turawa da shi, tsohon yayi ne, Google ta rufe wannan hanyar a 2024. Mabuɗin sabuwar hanyar kuma a saba yake zama. Kada ka kuskura ka saka shi a cikin manhajar da mutane suke saukewa, domin duk wanda ya buɗe cikinta zai iya tura saƙo da sunan Baffanka ga duk abokan cinikinsa.

Ko ka yi duk wannan daidai, wasu saƙonnin ba za su isa ba. Apple ba ta yi maka alkawari ba, Google ma haka. Saboda haka duk abin da ka tura a sanarwa, ka ajiye kwafinsa a wani shafi a cikin manhajar da mutum zai gani idan ya buɗe. Abin da ya shafi kuɗi ko tashin mota kuwa, ka haɗa masa da saƙon tes, wanda ba ya buƙatar data.

Yanzu maganar Baffa, wadda ita ce ta sa ka rubuto. Ka je gidansa wannan makon, kada ka jira sai ka gama gyara. Shirunka yana gaya masa abin da ba haka ba, zai ɗauka ka ci kuɗi ka gudu da aiki. Ka gaishe shi, ka ce masa aikin bai kammala ba, ka gano dalili, kuma akwai kuɗin shekara da Apple take karɓa wanda ba ka sa a lissafi ba. Wannan kuɗin nasa ne, kuma asusun da sunansa ko na kasuwancinsa ya kamata a buɗe, don kada wata rana manhajarsa ta zama a hannunka take rataye. Ka nemi mako biyu. Kada ka ɗaga maganar ciko sai ranar da wayarsa ta yi ƙara a hannunsa. Mutumin da ya ba ka aikin farko alhali akwai ƙwararru a gari, ba ƙinka yake yi ba.

*

Anti barka da aiki. Sanarwata tana isa lafiya a Android, amma maimakon tambarin kamfaninmu sai wani farin murabba'i ya fito a saman waya. Oga yana ta faɗa.

Mai koyon aiki, Kaduna

Ɗana, wannan gyaran bai kai awa ɗaya ba. Tun Android 5 a 2014, ƙaramin tambarin da ke saman allo ba ya ɗaukar launi, siffa kawai waya take dubawa. Tambarinku yana da bango mai launi, shi ya sa ta cike shi duka da fari. Ka sa mai zane ya yi maka wani daban, fari zalla a kan bango marar komai, ka nuna wa manhajar cewa shi ne na sanarwa. Launin kamfanin kuma akwai wurin saka shi daban.

*

Assalamu alaikum Anti. Ina ajin ƙarshe a jami'a, kuma aikin kammalawata manhajar lokutan salla ce. Na sa saba tana tura sanarwa sau biyar a rana. Ƙawayena da suka gwada sun ce ta Asuba wani lokaci sai rana ta fito take zuwa. Wata ta ce saboda ni ta makara. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

'Yarki, Zariya

Wa alaikumus salam 'yata. Ya kamata ya tsaya miki a rai, kuma na ji daɗin da ya tsaya, domin wanda ya dogara da ke don ibadarsa ya ba ki amana babba. Amma gyaran a hannunki yake, kuma zai rage miki aiki ne. Ki cire saba daga wannan lissafi gaba ɗaya.

Sanarwar da ake turowa ta intanet an yi ta ne don labarin da waya ba za ta iya sani da kanta ba, kamar wani ya aiko saƙo ko kuɗi sun shigo. Lokacin salla ba ya cikin wannan. Lissafi ne na matsayin rana da wurin da mutum yake, kuma waya tana iya yin na wata guda cikin ƙiftawar ido ba tare da data ba. Asuba kuma ita ce lokacin da ya fi kowane muni ga saƙon intanet: waya ta daɗe a ajiye tana barci, mutane da yawa sun kashe data kafin su kwanta. Abin da kike buƙata shi ne sanarwar cikin gida, wadda manhaja take tsara wa waya tun da wuri. Flutter da React Native duka suna da kayan yin wannan.

Ita ma tana da sharuɗɗanta. iPhone ba ta riƙe wa manhaja ɗaya fiye da sanarwa 64 masu jira. Biyar a rana ke nan kwana 12 da ɗoriya, don haka duk lokacin da aka buɗe manhajar ki sake cike jerin, ki kuma bar ta ƙarshe ta zama tunatarwa cewa a buɗe ta. Sautin sanarwa a iPhone bai kamata ya kai daƙiƙa 30 ba, in ya wuce sai ta koma wa sautinta na asali, saboda haka cikakken kiran salla ba zai shiga ba, farkonsa za ki yanka. A Android, tun siga ta 12 sai an nemi izini na musamman kafin a tsara abu a daidai minti, kuma daga ta 14 ba a ba da shi kai tsaye, sai mutum ya kunna da hannunsa. A Android ɗin kuma, kashe waya a kunna yana share duk abin da aka tsara, sai kin sa manhajar ta sake tsarawa bayan waya ta tashi.

Kada kuma ki yi lissafi ɗaya ga kowa. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai kusan rabin awa. Ko a gari ɗaya, lokacin da lissafi ya bayar daban, lokacin da masallacin unguwa yake tada salla daban, don haka ki ba mutum damar ƙara ko rage mintuna. Saba za ta yi miki amfani a wuri ɗaya: sanarwar ganin wata, wadda babu lissafin waya da zai maye gurbinta. Ƙawarki kuma ki ba ta haƙuri, ki gaya mata ta ci gaba da saka ƙararrawarta har ki gama gwaji.

*

Anti, ina aiki a wani asibiti mai zaman kansa, ni ce mai kula da manhajarmu. Shugabanmu yana son mu riƙa tura wa marasa lafiya sakamakon gwajinsu kai tsaye a sanarwa, wai don a rage layi. Yana kuma son tallan rangwame sau uku a rana. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma ina tsoron a ce na cika gardama.

Mai damuwa, Abuja

'Yata, zuciyarki ta gaya miki gaskiya. Kada ki tura.

Sanarwa tana fitowa ne a kan allon waya ko da a kulle take, kuma a gidajenmu waya ba ta mutum ɗaya ba ce. Tana kan tabarma ana caji, yaro yana wasa da ita, miji ya ɗauka ya duba lokaci, kishiya tana zaune a gefe. Matar da ta je gwajin ciki ko na wata cuta ba tare da ta gaya wa kowa ba, layi ɗaya a kan allo ya isa ya tona mata asiri, wani lokaci ya kashe mata aure. Ba za ki taɓa sanin ya faru ba, ita ce za ta zauna da abin. Bayan haka, rubutun sanarwa yana ratsawa ta sabobin Apple da Google kafin ya iso. A watan Disamba na 2023 wani sanatan Amurka, Ron Wyden, ya bayyana cewa gwamnatoci suna neman bayanan sanarwar mutane daga kamfanonin biyu. Manhajoji masu kula da sirri irin su Signal ba sa saka abin da aka rubuta a cikin saƙon da ke bi ta wannan hanya, taɓa wayar kawai suke yi ta farka ta je ta ɗauko da kanta. Ke ma abin da za ki rubuta bai wuce “kana da sabon saƙo” ba, ko sunan sashen asibitin kada ya fito. Sakamakon ya zauna a cikin manhaja, bayan lambar sirri. Wani sakamakon ma bai kamata mutum ya karanta shi shi kaɗai ba, sai likita yana gabansa.

Ba sai kin yi gardama da shugabanki ba, takarda za ki kai masa. Ƙa'idojin App Store, sashe na 4.5.4, sun hana aika bayanan sirri masu nauyi ta sanarwa, sun kuma hana talla sai ga wanda ya amince a fili kuma aka ba shi hanyar janyewa. Karya su yana iya sa a cire manhajar. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, kuma akwai hukumar NDPC da ke iya cin tarar wanda ya saɓa. Ki rubuta masa waɗannan a shafi ɗaya, ki ajiye kwafi.

Tallan kuma ki nuna masa asarar da ke ciki. Mutumin da aka dama da rangwame safe da rana da dare zai kashe sanarwar manhajar gaba ɗaya, kuma tare da ita tunatarwar ranar rigakafin ɗansa da ranar awon ciki za su tafi. Tun Android 8 a 2017 ana iya raba sanarwa rukuni-rukuni, mutum ya kashe wanda ba ya so ya bar sauran. Ki yi rukunin ganin likita daban, na sakamako daban, na talla daban, ki bar na tallan a kashe sai wanda ya kunna da kansa. Ki ba shugaban shawarar sau ɗaya a mako, da rana, ba bayan Isha'i ba. Idan ya dage kan sakamakon gwaji duk da haka, ki ce ya ba ki umarnin a rubuce da sa hannunsa, ki kuma sanar da babban likitan asibitin kafin ki taɓa komai.